Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Ilimi: Yaranmu Sun Daina Barci

Zuwa ga
Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jiharmu



 

Ranka ya daɗe, ni uba ne mai 'ya'ya biyar, uku daga cikinsu suna makarantun gwamnati da ke ƙarƙashin ma'aikatarka. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da muƙamin sakataren ƙungiyar iyaye da malamai a sakandaren maza ta unguwarmu. Ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba. Mun fara kai kukanmu wurin shugaban makaranta, ya saurare mu da kunnen basira, ya ce abin da ke faruwa a bayan katanga ya fi ƙarfinsa. Muka je wurin mai unguwa, ya tara masu shagunan gem, wato wasannin bidiyo, ya yi musu nasiha, aka kiyaye na mako biyu, aka koma gidan jiya. Muka rubuta takarda har sau biyu zuwa ofishin ilimi na shiyya, aka buga mana hatimin karɓa, har yau shiru kake ji. Da ƙofofin nan suka ƙi buɗuwa ne na ɗauki alƙalami. Ina fatan za ka karɓi maganata a matsayin gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara da abin da ya faru a cikin gidana, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani dare cikin sanyin bara, wajen ƙarfe uku, ihu ya tashe mu daga ɗakin samari. Na fita ba ko takalmi. Na tarar da ɗana mai shekara goma sha shida, ɗan aji biyu na babbar sakandare, ya takure a kusurwar ɗaki, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf cikin wannan hunturu, yana cewa, "Ku rufe ni, suna bayana, ku rufe ni!" Idonsa a buɗe, amma bai gane ni ba sai da na girgiza shi ina kiran sunansa. Mahaifiyarsa ta tofa masa Falaƙi da Nasi, ta ba shi ruwa. Da na ɗaga matashinsa sai ga waya, bayanta da zafi kamar an ciro ta daga murhu, abin sawa a kunne na maƙale da ita. Washegari na zaunar da shi. Ya ce, "Baba, wallahi ba yau aka fara ba. Kullum sai na yi mafarkin ana bina da bindiga, ƙafafuna sun ƙi gudu. Wani lokacin in farka in ji an danne ni, ba na iya motsi, ba na iya magana." Na tambaye shi me ya hana shi ajiye wayar ya kwanta da wuri. Amsar da ya ba ni ita ce ta hana ni sukuni har yau: "Tsoron barcin nake ji, shi ya sa nake ci gaba da buga gem har ya sace ni."

Da na faɗi wannan a taron iyaye, na ɗauka ni kaɗai ne. Ɗaya bayan ɗaya iyaye suka riƙa miƙewa. Wannan ya ce ɗansa na yin magana cikin barci yana kiran sunayen abokan wasansa. Wancan ya ce nasa ya daina tashi sallar asuba sai an yayyafa masa ruwa. Wata uwa ta ce ta kai nata wurin masu ruƙiyya sau uku. Malamai kuma suka ce darasin farko da na biyu kusan asara ne, rabin aji kai na kan tebur. Daga nan na gane gobara ce ta kama unguwa, kowa na zaton ɗakinsa kaɗai ke hayaƙi.

Ga koke-kokenmu, Mai Girma Kwamishina, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ranar ɗalibinmu ba ta bar masa wurin numfashi ba. Yana tashi ƙarfe biyar don sallar asuba, ya zauna karatun allo ko hadda, ya ɗebo ruwa, ya kama hanyar makaranta, sau da yawa ba karin kumallo. Ya taso wajen ƙarfe biyu cikin rana, ya ci abin da ya samu, la'asar ta yi ya wuce Islamiyya har magariba. Wanda yake shirin jarrabawar WAEC ko NECO yana da darasin ƙari, wanda ubansa ke da shago yana da tsaron shago, wani kuma yana wurin koyon ɗinki ko kanikanci. Lokacin da yaron nan zai ce nasa ne shi ne bayan isha. Masana barci na Amurka sun fitar da matsaya a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma a kowace rana. Lissafin a fili yake: yaron da zai tashi ƙarfe biyar, sai ya kwanta ƙarfe tara kafin ya samu mafi ƙarancin abin da jikinsa ke nema. Namu yaran ƙarfe tara ne suke fara jona waya a caji. Da yawansu awa uku ko huɗu suke samu, da su za su fuskanci lissafi da kimiyya da Turanci.

Na biyu, wasannin nan an ƙera su ne yadda ba za a iya ajiyewa cikin sauƙi ba. Na zauna kusa da ɗana na kalli yadda ake yi, don kada in yi magana a kan abin da ban gani ba. A PUBG mutum ɗari ake saukewa da lema a tsibiri guda, kowa ya nemi bindiga, fili yana ta tsukewa, wanda ya rage da rai shi ne gwani. A Free Fire mutum hamsin ne, zagaye ɗaya bai fi minti goma ba, kuma ƙaramar waya mai araha ma tana ɗaukarsa. Minti goma ba komai ba ne a ido, shi ya sa kullum yaro ke cewa "saura ɗaya". In ya ci, daɗi ya sa ya ƙara. In an kashe shi, haushi ya sa ya ƙara. Ga abokai uku suna jiran sa a layi, in ya fita ya zubar da su, gobe a makaranta a yi masa gori. Ga matsayi da ake hawa ana sauka, ga kyautar da ake ba wanda ya leƙo kowace rana. Sannan datar dare, daga tsakar dare zuwa asuba, ita ce mafi araha, ita ce daidai aljihun ɗalibi. Kuɗin tara da muke ba shi da safe, da shi ake sayen datar da ke hana shi barci da dare.

Abin da hakan ke yi wa jiki sananne ne a wurin likitoci. Hasken fuskar waya yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin, wanda shi ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Wasan harbi kuma yana tayar da bugun zuciya, ya bar ƙwaƙwalwa a tsaye kamar mai gadi. Abin da mutum ya daɗe yana kallo kafin ya kwanta yakan bi shi cikin barci. A shekarar 2000 wani masani a Jami'ar Harvard, Robert Stickgold, ya sa mutane buga wasan Tetris na sa'o'i cikin kwana uku, da yawansu suka ce da zarar barci ya fara ɗaukarsu sai su riƙa ganin tubalan wasan suna saukowa, har da masu ciwon mantuwa waɗanda ba sa ma tuna sun yi wasan. In tubali marar rai zai bi mutum har shimfiɗa, ina ga harbi da gudu da ƙarar bindiga a cikin kunne har ƙarfe biyu na dare? Haka kuma barcin da ake mafarki a cikinsa ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma idan aka tauye shi kwana da kwanaki, yakan dawo da ƙarfi, mafarkai su yi tsanani. Dannau ɗin da ɗana ya kwatanta, rashin isasshen barci da rashin tsayayyen lokacin kwanciya na cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Ka ga zoben da yaro ya faɗa ciki: gem ya hana shi barci, rashin barci ya kawo mugun mafarki, tsoron mafarki ya mayar da shi ga gem.

Na uku, shagunan gem sun kewaye makarantunmu ba mai tsawatarwa. Tsakanin ƙofar makarantarmu da bakin titi akwai guda uku. Na shiga ɗaya da hantsi, ranar Talata, ana tsaka da darasi. Ɗaki ne ƙarami ba taga, janareto na ruri a bakin ƙofa, talabijin uku a jikin bango, benci cike da yara, wasu sun cusa rigar makaranta a jaka, wasu ko cirewa ba su yi ba. Ana buga ƙwallo a PlayStation, wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan. A kusurwa na ga ana tara kuɗi a hannun wani babba, wanda ya yi nasara ya kwashe. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Mai shagon saurayi ne mai neman abincinsa, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, ba wanda ya taɓa ce mana ga lokacin buɗewa ga na rufewa." Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa ban zo neman a rufe wa kowa hanyar abinci ba. Ƙa'ida nake nema.

Na huɗu, maganin da makaranta ta sani ɗaya ne: bulala. Yaro ya makara, bulala. Ya yi gyangyaɗi a aji, bulala ko tsallen kwaɗo. An kama shi da waya, a fasa ta a gaban taron safe. Ban ga laifin malamai sosai ba, domin mutum ɗaya a gaban yara fiye da tamanin ba shi da sararin tambayar kowa yadda ya kwana. Amma ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya kwana yana kokawa da mafarki, ya zo aka tare shi da dorina a bakin ƙofa, gobe shagon gem zai wuce kai tsaye, can ba mai dukansa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta daɗe da tanadar malaman ba da shawara a makarantu, kuma tun 2006 Nijeriya take da manufar kula da lafiyar ɗalibai a makaranta. A makarantarmu akwai ƙofar da aka rubuta sunan ofishin ba da shawara a jikinta. Fasassun kujeru ne a ciki. Malamin da aka ba aikin yana koyar da darussa biyu, ba a taɓa tura shi horo ba. Yaron da ke tsoron dare, wa zai gaya wa?

Na biyar, ranka ya daɗe, kuma wannan ya fi yi mini nauyi a baki: ba duk ƙarar bindigar da ke cikin mafarkin yaranmu ce ta fito daga waya ba. Waɗannan yara suna da wayo lokacin da aka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024. Sun ji a rediyo, sun ga bidiyo a waya, sun ji manya na zancen kuɗin fansa. A ajin ɗana akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauye da tsakar dare, suka bar gona da dabbobi. Ɗaya daga cikinsu ya gaya wa ɗana cewa yana son gem ne saboda a can shi ma yana da bindiga, kuma in an kashe shi yana dawowa. Wannan magana ta yaro ɗan shekara goma sha biyar ce. Irin wannan yaro in ka ƙwace masa waya ka tsaya a nan, ka bar shi ne shi kaɗai cikin duhu da abin da yake gudu. Yana buƙatar addu'a, yana buƙatar babba mai sauraro, wani lokacin kuma yana buƙatar likita.

Na shida, mun toshe wa yara wuraren wasa, muna mamakin sun koma waya. Mu da muka taso a unguwar nan mun yi langa, mun yi ƙwallo har magariba ta kore mu, mun yi dara a gindin bishiya, mun yi wasan ɓuya a farin wata, muka dawo gida a gajiye, barci ya ɗauke mu tun kafin a gama tatsuniya. Filin da muka yi wannan duka yau shaguna ne. Filin makaranta kuma ana kulle shi da an tashi, rabinsa ma ya zama juji. Gasar wasanni tsakanin makarantu sai dai labari. Jikin da bai motsa da rana ba, da wuya ya kwanta da dare.

Ba zan ɓoye namu laifin ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu muka saya musu wayoyin, da yawanmu a 2020 lokacin da annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni, muna cewa za su yi karatu da su. Mu ne muke zaune a majalisa har sha ɗaya na dare, ba mu san wa ya kwanta wa bai kwanta ba. Mu ma kanmu na sunkuye a kan waya lokacin da muke ce musu su ajiye tasu. Addininmu ya hana hira marar amfani bayan isha, ya koya mana addu'o'in kwanciya da abin da mutum zai yi in ya ga abin ƙi a mafarki, mun yi sakaci da koyar da su. A gidana yanzu ƙarfe tara kowace waya, har da tawa, tana kwana a ɗakin mahaifiyarsu. Makon farko an sha daru. Bayan wata guda ihun dare ya ragu ƙwarai, yaron ya fara tashi asuba da kansa. Sai dai gida ɗaya ba ya gyara unguwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma ba na cewa gem haramun ne ko duk mai buga shi ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta amince a 2019 da sanya jarabar gem cikin kundin cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kaiwa wannan mataki. Alamominsa uku ne: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, a ɗauki kamar shekara ana haka. Yawancin yaranmu ba su kai nan ba, shi ya sa yanzu ne lokacin tarar abin, tun icce yana ɗanye. Wasu ƙasashe sun gwada ƙarfin doka. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga tsakar dare zuwa shida na safe tun 2011, ta soke dokar a 2021, ta mayar da zaɓin hannun iyaye. Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Darasin da na ɗauka shi ne manyan ƙasashe ba su raina lamarin ba, kuma hani kaɗai ba ya wadatarwa sai an haɗa da tarbiyya da abin da zai maye gurbi.

Saboda haka, Mai Girma Kwamishina, a madadin iyayen da suka wakilta ni, ina roƙon ka waɗannan abubuwa.

Ka haɗa kai da ƙananan hukumomi da masarautu a yi wa shagunan gem rajista, a hana su karɓar ɗalibi a lokacin darasi, a sa musu lokacin rufewa da dare, a hana sa kuɗi a wasa, a kuma nisanta sababbi daga ƙofar makaranta.

Ka farfaɗo da ofisoshin ba da shawara. Kowace sakandare ta samu aƙalla malami ɗaya da aka horar, aka rage masa darussa, yana da ɗakin da yaro zai shiga ya yi magana a rufa masa asiri.

Ka ba da umarni cewa ɗalibin da ya yawaita makara ko barci a aji, a fara tambayarsa, a kira iyayensa, kafin a kai ga horo. Wayar da aka kama a damƙa ta ga uba, a daina fasawa.

Ka nemi haɗin kan Ma'aikatar Lafiya a buɗe hanyar tura yaron da abin ya yi wa tsanani zuwa asibiti. Muna da ƙwararru a Arewa, a asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba mu madogara. A fara da makarantun da suka karɓi yaran da rashin tsaro ya raba da garuruwansu.

Ka sa a riƙa koyar da muhimmancin barci a taron safe da darasin lafiya, a yi wa iyaye bayani da Hausa a rediyo, a roƙi limamai da malaman Islamiyya su sa baki, domin maganarsu tana shiga inda takardar ofis ba ta kaiwa.

Ka kare filayen makarantu daga masu yanka su, a buɗe su ga yara da yamma da ƙarshen mako a ƙarƙashin kulawar malami, a dawo da gasar ƙwallo da guje-guje da langa tsakanin makarantu.

Ka buɗe ɗakunan kwamfuta da ke kulle. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, kuma yaron da yatsunsa suka ƙware a gem zai iya koyon rubuta manhaja in ya samu mai nuna masa hanya.

A ƙarshe, ina roƙon ka da ka zo da kanka, ba tare da sanarwa ba. Ka shiga kowane aji ƙarfe takwas da rabi na safe ka dubi idanun yaran, sannan ka taka zuwa shagon da ke bayan katanga. Gani ya kori ji.

Ranka ya daɗe, ɗa na kowa ne. Yaran nan su ne za su zauna jarrabawa baɗi, su ne za su riƙe jihar nan bayan ba mu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mu iyaye mun ɗauki namu nauyin, mun fara gyara daga gidajenmu, a shirye muke mu zo duk lokacin da ka kira mu. Don Allah ka taimaka mana yaranmu su samu barci, su wayi gari da hankalin karatu.

Allah ya yi maka jagora, ya shirya mana zuriya, ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.



Naka cikin girmamawa,
Wani uba, Sakataren Ƙungiyar Iyaye da Malamai